Kainuwa Dashen Allah: Shin Tsiro Kan Rayu da Tsurar Ruwa?

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san kududdufan da aka haƙa garin ɗibar ƙasar gini, ya kuma san yadda kainuwa kan rufe su da damina. Saiwarta ba ta taɓa ƙasa, shi ya sa Bahaushe ya yi mata kirari da dashen Allah. Manufar wannan maƙala ita ce a duba ko ruwa kaɗai ne ke rayar da ita.

Binciken Masana

A wani gwaji da aka buga a 1648, Van Helmont ya dasa itaciya mai nauyin fam 5 cikin ƙasa fam 200, ya yi shekara biyar yana ba ta ruwa. Itaciyar ta kai fam 169, ƙasar kuwa oza biyu kacal ta ragu. Sai ya ɗauka ruwa ne ya zama itace. A wani gwajin da aka buga a 1699, John Woodward na Ingila ya shuka na'a-na'a cikin ruwa iri-iri, ya tarar wadda ke cikin ruwan da aka dama da ƙasa ta fi ta ruwan sama girma. Wajen 1860 Sachs da Knop na Jamus suka rayar da tsirrai ba ƙasa, ta hanyar narkar da sinadarai a ruwa.

Ashe ke nan tsiro kan gina jikinsa ne da ruwa, da iska, da hasken rana, amma tilas ya sami sinadarai irin su naitirojin da fosfaras, waɗanda ake samu a taki. Mai son tabbatarwa ya sa reshen dankali a kwalbar ruwa mai tsabta: zai yi saiwa, daga baya ganyen ya yi rawaya.

Kammalawa

Ruwan kududdufi ba tsurar ruwa ba ne. Toka da kashin dabbobi da ruwan kwatami duk cikinsa suke gangarawa, su ne abincin kainuwa. Saboda haka yawanta alama ce ta ƙazantar ruwa. Bugu da ƙari, a saiwarta ne tsutsar wani sauro mai iya yaɗa tundurmi ke maƙalewa. Kwashe kainuwa kaɗai ba ya magani. Muddin kwatami na kwarara cikin kududdufi, za ta dawo.