Gajeren Suna Ga Ɗa Namiji: A Duba Ma'ana Tukuna

'Yar'uwa, in Allah ya ba ki ɗa namiji, kuna son gajeren suna mai daɗin kira, babu laifi ko kaɗan. Cikin annabawa akwai Nuhu, Hudu, Musa da Isa. Cikin sahabbai ga Ali, Umar, Anas, Zaidu da Bilal.

Amma fa ku tambayi ma'anarsa kafin ranar suna. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya so ya sauya wa wani sahabi suna daga Haznu, wato tsauri, zuwa Sahlu, wato sauƙi. Mutumin bai yarda ba. Jikansa Sa'idu ɗan Musayyib ya ce tun daga nan tsauri bai rabu da zuri'arsu ba.

Sai kuma gutsure suna. A raɗa wa yaro Abdurrahman, a wayi gari ana ce masa Rahman, alhali wannan sunan Allah ne Shi kaɗai. Abdul ma ragagge ne, bawan wa? Abin da kika saba kiran ɗanki, shi unguwa za ta ɗauka. In alkunya ta hana ki faɗin sunan, zaɓi laƙabi mai kyau.

Allah ya raya mana su bisa sunna, amin.