But Ya Ƙi Buɗuwa, Kayan Lefe Na Ciki

Na ari motar maigidana, Camry ƙirar 2005, na je Kantin Kwari na haɗo lefen ƙanina. Na cika but da akwatuna, har sai da yaron shago ya hau kai kafin ya rufu. Da na iso gida na ja maɓallin da ke gefen kujerar direba, shiru. Maigidan ya ce ni na lalata, zai kira fanal-bita ya ɓalle. Ga shi ranar Asabar za a kai lefen. Ina mafita?

'Yarki daga Kano

Amsa:

'Yata, ki roƙi maigidan ya dakata da fanal-bitan nan. Sukundirebansa zai lanƙwasa murfin ya yaga robar bakinsa, da damina ruwa ya riƙa shiga, alhali ina kyautata zaton babu abin da ya karye.

Ke da kanki kin faɗi ciwon a wasiƙarki. Kayan da aka danne da ƙarfi yanzu suna tura murfin sama, ƙugiyar makullin ta ɗame a jikin ƙarfen da take kamawa, siririn kebul ɗin kuma ba shi da ƙarfin fizge ta. Ki sa wani ya danna murfin ƙasa da tafin hannu biyu, daidai saman makullin, ke kuma ki ja maɓallin a lokaci guda. Sau da yawa nan take yake saki. Ki lura da hannunki: in maɓallin ya zo sakwaf babu nauyi, kebul ya tsinke ko ya zare.

In bai yi ba, ki koma ga mabuɗi. Irin wannan Camry, in an murɗa babban mabuɗi hagu a ramin but, maɓallin ciki ya daina aiki. Da gangan kamfanin ya yi haka don masu ba wa baƙo mota. Akwai kuma ƙaramin mabuɗi mai tada inji amma ba ya buɗe but. Wanne aka ba ki? (Magidanta da yawa ƙaramin suke miƙa wa iyali ba tare da sun san bambancin ba.) Ki karɓi babban, ki murɗa dama. In ramin ya cije, ƙurar hunturu ce: a fesa WD-40. Kada a ɗiga baƙin mai, ƙura yake tarawa.

Hanya ta ƙarshe ita ce ta kujerar baya. A kwantar da majinginar, a zaro akwatunan ɗaya bayan ɗaya. In motar ta Amurka ce, doka ta wajabta tun Satumbar 2001 a sa abin buɗewa daga cikin but, ɗan hannu ne mai haske a duhu kusa da makullin. A haska da tocila a ja shi. Babba zai shiga, kada a tura yaro.

Masu motar da ke buɗewa da rimot, ku fara duba batir da fiyus, sannan wayoyin da ke bi ta gwiwar murfin, don buɗewa da rufewa na tsinka su. Wannan aikin mai gyaran wutar mota ne.

Batun laifi kuwa, kada ki tsaya musu. Ki ce, "Yallaɓai, na cika kaya, ka danna mini in ja." Ranar Asabar ɗin kuma a raba akwatunan mota biyu.