Ka Lissafta Dawowa

Cadi ba ta da teku, amma Njamena tana bakin kogin Shari. In ka hau keke daga Kilemat da sassafe, ka bi gaɓa zuwa gadar Shagwa, za ka ga masunta cikin kwalekwale, sanyin safiya yana ta zuga ka ka ƙara gaba. Amma a watan Afrilu zafin rana yakan wuce digiri 40, kuma duk nisan da ka yi sai ka sāke taka shi. Saboda haka ka juya tun ruwan goranka bai kai rabi ba. Haka bashi yake, haka alkawari: ɗauka da sanyi, cikawa da rana tsaka.

Abin tunani: wane kaya ka ɗauka ba tare da lissafin dawowa ba?