Nawa Ne Albashin Da Ke Isar Magidanci? Darasi A Kan Kifaya Da Ƙana'a

Godiya ta tabbata ga Allah Mai azurta bayinSa, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa masu albarka, akwai tambayar da ke yawan zuwa daga ma'aikatanmu na Boɗinga da Shagari, malaman firamare da ma'aikatan asibiti da na sakatariya: "Malam, nawa ne albashi mai kyau? In nawa ba ya kai ni ƙarshen wata, albashin ne ya yi kaɗan ko godiyata ce ta yi ƙaranci?" Tambaya ce mai nauyi, domin a kanta aure ke mutuwa, a kanta mutumin kirki ke fara miƙa hannu ga abin da ba nasa ba.

1. Adadi yana ruɗi

Dokar mafi ƙarancin albashi ta farko a Najeriya an yi ta ne a 1981, zamanin marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda shi kansa malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa. Bayan yajin aikin da ƙungiyar ƙwadago ta yi ƙarƙashin Hassan Sunmonu, aka tsaya a kan naira 125 a wata. A 2011 ya koma naira 18,000, a 2019 ya zama 30,000, a watan Yulin 2024 kuma ya kai 70,000.

Wanda ya dubi adadi kawai zai ce an ci gaba. To amma a 1981 naira ta fi dalar Amurka daraja, naira 125 ɗin nan ta kai kimanin dala 200. Ita kuwa 70,000, ranar da aka sa wa dokarta hannu ba ta kai dala 50 ba. Ga kuma cire tallafin man fetur na 29 ga Mayun 2023, wanda ya ɗaga kuɗin mota da na kabu-kabu da na tiyar hatsi gaba ɗaya.

Ɗauki alƙalami ka raba 70,000 gida 30. Za ka samu kimanin naira 2,333 a rana. Idan ku bakwai ne a gida, kowane kai bai wuce naira 333 ba, ci da sha da sabulu da magani da littafin makaranta duk a ciki. Saboda haka wanda ya ce wannan ba ta isarsa, kada a yi saurin ce masa marar godiya.

2. Ma'aunin shari'a: kifaya

Musulunci bai yanke wani adadi ya ce shi ne albashi ba, domin kuɗi suna canjawa da zamani da wuri. Abin da ya ajiye shi ne ma'auni, malamai suna kiransa kifaya, wato abin da zai wadatar da mutum da waɗanda ciyar da su ta hau kansa, gwargwadon yadda aka saba a garinsu.

Lokacin da aka naɗa Sayyidina Abubakar (RA) halifa, ɗan kasuwa ne, kuma kasuwancinsa yana riƙe gidansa. Da aikin al'umma ya hana shi zuwa kasuwa, sai sahabbai suka yanka masa abin da zai ishi iyalinsa daga baitulmali. Ka ga asalin albashi ke nan: ka tsare mutum da aikinka, ka hana shi nema, to ɗaukar nauyin gidansa ya dawo kanka.

Abu Dawud ya ruwaito daga Mustaurid ɗan Shaddad (RA) cewa Annabi (SAW) ya ba ma'aikacin hukuma damar ya samu abin yin aure idan ba shi da mata, da mai hidima idan ba shi da shi, da wurin zama idan ba shi da shi. Lura da kyau, ba a tsaya ga tuwon dare ba. An ambaci aure da muhalli. Haka nan da Hindu 'yar Utba (RA) ta kai ƙarar maƙon mijinta, an ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta ita da 'ya'yanta bisa abin da aka sani na al'ada, ba a faɗi dirhami kaza ba.

3. Yadda za ka auna naka

Malaman usulu, irin su Imam Shaɗibi, sun kasa bukatun ɗan Adam kashi uku. Akwai larura, wadda rayuwa ba ta tsayuwa sai da ita: abinci, ruwa, sutura, ɗaki, magani. Akwai bukata, wadda rashinta ke jawo ƙunci: kuɗin makaranta, abin hawa zuwa wurin aiki, waya. Akwai kuma ƙawa: sabuwar shadda kowace salla, canjin waya, ƙarin kayan ɗaki.

Albashi mai kyau shi ne wanda ya rufe kashi na ɗaya da na biyu ba tare da bashi ba, har ya bar ɗan abin da za a ajiye don ranar ciwo. Wanda ya rufe na ɗaya kawai, ana lallaɓawa ne. Wanda bai rufe ko na ɗaya ba, sunansa albashi amma bai kai kifaya ba.

Shi ya sa amsar ba za ta zama ɗaya ga kowa ba. Ma'aikacin da ke zaune gidan gado a Shagari, yana da gonar gero da wake, yana taka sayyada zuwa wurin aiki, ba daidai yake da wanda ke biyan haya cikin birnin Sakkwato ba, ko mai bin hanyar Boɗinga zuwa birni kullum safiya, ko da takardar albashinsu iri ɗaya ce.

4. Nasiha ga mai biya

Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ma'ana yaron shago, mai gadi, 'yar aikin gida, malamin Islamiyya da na ƙaramar makarantar kuɗi, yawancinsu ba su da dokar da za ta tsaya musu. Amma suna da Allah. Bukhari ya ruwaito cewa cikin mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar alƙiyama akwai wanda ya sa ɗan ƙwadago aiki, ya cika masa aikin, shi kuma ya hana shi ladansa. Ibn Majah kuma ya ruwaito umarnin a biya ma'aikaci tun jiɓinsa bai bushe ba.

Alhaji, kada ka ce ai shi ya yarda. Mai jin yunwa zai yarda da komai. Tambayi kanka: abin da nake ba malamin da ke koya wa 'ya'yana Alƙur'ani a wata, zai yi cefanen gidana na kwana nawa?

Kuma kada a mai da wa'azin ƙana'a sandar dukan talaka. A ƙasarmu ta nan Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa, ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga. Malam Abdullahi ne ya taɓa barin rundunar jihadi ya nufi Makka saboda ganin zukata sun fara karkata ga mulki da dukiya, har mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam. Su magabata daga kan masu riƙe da dukiyar jama'a suke fara wa'azin gudun duniya.

5. Nasiha ga mai karɓa

Ɗan uwa, neman ƙarin albashi ta hanyar da ta dace ba ya karo da tawakkali. Amma kafin ƙarin ya zo, riƙe waɗannan:

Na farko, ƙarancin albashi ba ya halatta haram. Cin hanci, sayar da maganin asibiti, barin aji babu malami sai ranar da albashi ya shigo, duk cin amana ne. Hakkinka da aka tauye ba a hannun ɗan talakan da ke zaune a aji yake ba.

Na biyu, ciyarwa gwargwadon hali take, kamar yadda aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna. Da yawa abin da ke karya mu ba tuwo ba ne, gasar biki da suna ce, da bashi mai ruwa da ake cirewa tun albashi bai iso hannu ba. Uwargida, ki taimaki maigidanki a nan.

Na uku, kada ka tsaya da ƙafa ɗaya. Noman damina, ɗan lambun albasa a fadama, tumaki biyu a bayan gida, sayen hatsi da kaka a ajiye, duk suna rage wa albashi nauyi, matuƙar ba su ci lokacin aikin da ake biyanka ba.

Na huɗu, a mazhabar Malikiyya faƙiri shi ne wanda bai mallaki abincin shekararsa ba. Don haka ƙaramin ma'aikaci mai iyali yana iya shiga cikin masu cin zakka. Masu fitarwa su duba maƙwabcinsu mai wankakkiyar riga da ba ya roƙo.

Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amr (RA) cewa rabauta ta tabbata ga wanda ya musulunta, aka azurta shi da abin da ya ishe shi, Allah kuma ya sa masa wadatar zuci da shi. Abu biyu aka haɗa bayan Musulunci: isasshe a hannu, da ƙana'a a zuci. Na farko hakki ne a wuyan mai biya, na biyu aiki ne a wuyan mai karɓa. Kowa ya sauke nasa.

Allah ya wadata mu da halal, ya tsare mu daga haram, ya biya wa masu bashi bashinsu, ya sa albarka a ɗan abin da ke hannunmu. Wallahu a'alam.