Hayaluronik Asid a Hunturun Sakkwato: Shafawa Ba Ta Isa Ba

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan taso daga Sahara ta lulluɓe Sakkwato da ƙura da hazo. Leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso, ƙwauri ya yi furu-furu. Lokacin ne mata ke tururuwa kantunan magani da na kayan kwalliya, kuma a 'yan shekarun nan abin da suka fi tambaya shi ne 'yar kwalbar nan mai ɗigo ta hayaluronik asid, wadda suke gani ana tallatawa a TikTok da Instagram.

Mai wannan rubutu, wadda ke aikin harhaɗa magunguna a wani kanti da ke Ƙofar Kware, ta sayar da shi, ta kuma sha jin ƙorafi a kansa.

Sinadarin ba baƙo ba ne a jikin mutum. Karl Meyer da John Palmer ne suka fara ware shi a 1934 a Jami'ar Kolumbiya ta Amurka, daga ruwan cikin ƙwayar idon saniya. Mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da kimanin giram 15 nasa, kusan rabi a fata, saura a gaɓoɓi da ido da sauran sassa. A da daga zankon zakara ake tatso shi, yanzu kuwa galibi ƙwayoyin bakteriya ake kiwo a masana'anta su samar da shi. Aikinsa jawo ruwa ya riƙe, kamar soso.

To, a ina zai samu ruwan? A Legas ko Fatakwal iska cike take da laima, sai ya ɗiba daga nan. A Sakkwato kuwa laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a tsakiyar hunturu. Idan aka shafa shi a busasshiyar fata aka bar shi haka, ruwan da ke cikin fatar zai iya jawowa sama, iska kuma ta kwashe.

Wata budurwa mai shirin aure ta taɓa dawowa da kwalbarta a watan Janairu, ranta a ɓace. "Anti, wanga abu naku bai yi min komi ba, fuskata sai ƙara ɗaurewa takai," in ji ta. Da aka bi diddigi, sai aka gano da ruwa mai zafin gaske take wanke fuska, ta goge ta ƙaraf da tawul, ta ɗiga sinadarin, sannan ta hau babur zuwa makaranta ba tare da ta ɗora wani mai a kai ba. Ba a canja mata kwalba ba. An dai ce ta rage zafin ruwan, ta shafa tun fuskar na da danshi, ta rufe da mai. Da ta zo kawo katin biki, ɗaurewar ta tafi.

Ƙa'idar ke nan. Bayan wanka ko alwala, kafin fuska ta bushe, a ɗiga ɗigo biyu ko uku a tafin hannu a daddanna a fata. Nan take a bi da abin da zai tsare ruwan: man kaɗanya ko basilin a jiki, mai mara nauyi a fuskar da ke yawan fitar da ƙuraje. Wadda aljihunta bai kai ba kada ta damu, gilisarin ma ruwa yake jawowa, ga shi da araha. Faso da kaushi kuwa sun fi jin basilin da man da ke ɗauke da yuriya.

Akwai abin da ba ya yi. Ba ya goge tamoji har abada, laushin yana tafiya idan aka daina shafawa. Ba ya kuma sa fari. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna amfani da man bilicin, shi ya sa wasu masu haɗin mai ke fakewa da sunan hayaluronik asid suna cusa haidurokwinon ko sitiroyid a ciki. Duk man da ya haska fata cikin 'yan kwanaki, akwai wani abu dabam a cikinsa.

Kafin a biya kuɗi, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a nemi Sodium Hyaluronate a jerin abubuwan da aka rubuta a jikin kwalbar, a guji wadda aka shanya a rana. Wadda ta ga ƙaiƙayi ko ƙuraje ko tabo bayan ta shafa, ta dakata, ta ɗauki kwalbar ta je ta ga likitan fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.