Tsagewar Gefen Baki: Ba Kullum Hunturu Ne Mai Laifi Ba

Da zarar hunturu ya kankama a Talata Mafara da Bakura da Maradun, sai a riƙa ganin yara da mata masu shayarwa gefen bakinsu ya tsage ya yi fari-fari, in sun yi hamma har jini ya fito. Uwa ta shafa man kaɗanya, a ce sanyi ne. Sau da yawa kuwa sanyin ne. Amma idan ciwon ya warke ya dawo, harshe ya yi ja yana zafi, ido yana ƙaiƙayi yana gudun haske, to lokaci ya yi da za a leƙa tukunya, domin waɗannan alamu ne na ƙarancin bitamin B2, wanda masana ke kira ribofilabin.

Sinadari ne rawaya. A shekarar 1932 Bajamushe Otto Warburg da abokin aikinsa Walter Christian suka ciro wani inzayim mai launin rawaya daga yis, daga baya aka gano cewa launin daga wannan bitamin yake. Inzayim shi ne ma'aikacin da ke sarrafa abinci a cikin ƙwayoyin jiki, kuma da yawa daga cikinsu ba sa motsi sai da filabin, wato sinadarin da jiki ke samarwa daga wannan bitamin, kamar injin niƙa da ba a ɗaura masa bel ba. Vincent Massey, ɗan ƙasar Ostireliya da aka haifa a 1926, ya ƙarar da rayuwarsa a kan wannan tambaya ta yadda filabin ke karɓar lantarki daga abinci ya miƙa shi gaba. Ya yi digirinsa na uku a Kambirij, ya koma Jami'ar Mishigan ta Amurka a 1963, yana can har rasuwarsa a 2002. Ɗaya daga cikin inzayim ɗin da ya fi daɗewa yana bincike a kai, daga madarar shanu ake tace shi. Aikin irin su Massey ya fayyace dalilin da ya sa rashin abu ɗan ƙanƙani haka ke taɓa fata da ido da jini a lokaci guda.

Abin da jiki ke buƙata kaɗan ne: miligiram 1.3 a rana ga namiji, 1.1 ga mace, 1.4 ga mai ciki, 1.6 ga mai shayarwa. Sai dai jiki ba ya ajiye shi da yawa, dole a riƙa ci kullum.

Nan ne matsalar yankin take. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978, ta mayar da wannan yanki gidan shinkafa, amma shinkafar da inji ya goge fes ba ta da B2 sai ɗan abin da ba a rasa ba. Abin da ya daɗe yana cike giɓin shi ne nono. Kofi guda na madara yana ba da kusan kashi ɗaya cikin uku na buƙatar babba. Satar shanu da rashin tsaro sun kori makiyaya da dama, nono ya yi tsada, furar gidaje da yawa ta koma ta ruwa. Abin takaici, mai goyo, wadda ta fi kowa buƙata, ita ce kan haƙura ta bar wa yara.

In an samu nonon, a kiyaye shi daga rana, don haske ne babban maƙiyin wannan bitamin. Ƙwarya da aka rufe da faifai ta fi gorar roba mai haske da aka jera a bakin titi nesa ba kusa ba. Cire man shanu ba ya rage shi, tsami ma haka, domin a cikin ruwan nonon yake zaune. Saboda haka ɗan ruwan nan mai ɗorawa-ɗorawa da ke tasowa a saman kindirmo, a dama shi a sha, kada a tsiyaye.

Sai kanwa. Wuta ba ta cika lalata B2 ba, amma kanwa tana lalata shi. A rage ta a miya da dahuwar wake. A jiƙa waken tun dare, zai nuna da wuri. Ganyen zogale da kuka a shanya su a inuwa. Ruwan da aka dafa alayyafo ko rama a ciki, a mayar da shi miya.

Hanta ce ta fi komai: yanka mai nauyin giram 100 ya wuce buƙatar kwana biyu. Ɗan tsinke sau ɗaya a mako daga mahautan kasuwar Talata ya wadatar, kuma mai ciki kada ta yawaita ta saboda bitamin A da ke cikinta da yawa. Ƙwai, ƙoda, kifin Bakolori da wake duk suna taimakawa.

Mai ciki ta je awo, ta sha magungunan ƙarin jini da aka ba ta. B2 yana taimaka wa jiki wajen amfani da sinadarin ƙarfe. Wanda aka rubuta wa ƙwayar bitamin B zai ga fitsarinsa ya yi rawaya sosai, wannan rarar ce ke fita, ba ciwon shawara ba ne. Idan kuwa an gyara abinci mako biyu baki bai warke ba, a je asibiti a duba jini da suga, domin ƙarancin ƙarfe, ciwon suga da ƙwayoyin cuta su ma suna tsaga gefen baki.