Kunun Kanwa da Kumburin Ƙafar Mai Jego

Wannan tambaya daga wata baiwar Allah ce a Funtuwa. Ta ce kwananta 20 da haihuwa, tana wankan jego safe da yamma, tana shan kunun kanwa, amma ƙafafunta sun kumbura, ko tsakar gida ta share sai haki. Surukarta ta ce sanyi ne, a ƙara kanwa.

To 'yar'uwa, barka da sauka lafiya, Allah Ya raya. Amma don Allah ki dakata da kanwar nan. Dangin gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, ta ƙara wa zuciya aiki. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka alaƙanta shi da kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon wuta. Daga baya bincike a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, sai dai alamomin suna nan yadda suke.

Danna ƙaurinki da yatsa. In gurbin ya lotsa bai taso da wuri ba, in kuma da dare sai kin tara matasai kafin ki samu numfashi, wannan ya wuce sanyi. Ki je asibiti yau, a auna hawan jini, a duba zuciya. Kada a jira arba'in.

Ita kuwa Iya surukarki, ƙauna ce ta sa, a lallaɓa ta. A koma kunun gyaɗa, a sirka ruwan wanka. Maigida, in kana saurare, kai za ka kai ta.